Maƙwabcin da Kika Yi Mini a Filin Kanti

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa yadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar kabari. Mu a nan Jidda lafiya lau muke, sai zafin da kika sani, wanda har yau bai yi wa kowa ragi ba. Iyali suna gaishe ki, har takwararki da ba ki gani ba, wadda ta ɗauko bakinki kaf ba ta bar komai ba.

Na san wasu za su karanta wannan a shafina. Su karanta, babu sirri a ciki. Amma da ke nake magana, don haka idan na faɗi abin da kika riga kika sani, ki yi haƙuri, saboda su ne.

Jiya na kai iyali sayayya wani babban kanti a Aziziyya. Ina zaune ina jiran su sai na hango wata mota can ƙarshen fili a jikin katanga. An tare gilashin gaba da kwali, an saƙala tawul a tagar baya, an sauke gilashi ɗan kaɗan don iska. Duk wanda ya wuce zai ce mota ce aka ajiye. Ni na san ɗakin mutum ne, kuma tun lokacin ke nake ta tunawa.

Kin tuna ƙarshen shekarun tamanin, sa'ad da nake tuƙa wa wani dattijo iyalinsa a unguwar Abhur. Ina da ɗan ɗakin direba a bakin ƙofa, da fanka da famfo, ina jin kaina kamar wani hakimi. Ke kuma kina unguwar Karantina a ɗakin da kuke haya da Hajiya Kaltume, kina sayar da gyaɗa da goro kamar yadda kike yi tun rasuwar Baba. Da dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan. Ba su wulaƙanta ni ba. Suka bar mini tsohuwar motar gidan mai dogon baya in riƙa neman abinci da ita, suka ce in jira a mayar da iƙamata, takardar izinin zama, hannun wani kafilin, wato ubangidan da zai tsaya mini. Jiran ne ya ƙi ƙarewa.

Ɗakinku na mata ne, ba wurin da ƙato zai miƙe ƙafa. Lungunan Karantina kuma ba su ɗaukar motar, ga masu binciken takardu da ke faɗowa unguwar ba sallama, ni kuwa takardata tana tsakanin hannu biyu, ba ta wannan ba ta wancan. Na duba na duba, sai na kwantar da kujerun baya na shimfiɗa katifa.

Da na gaya miki, sai kika ce, "To." Na daɗe da sanin wannan "to" ɗin naki. Ba yarda ba ce, ajiye magana ce sai ta nuna.

Ba na so ki ɗauka wahala kawai na sha, Inna, don har alfahari na yi da iya kwanan mota. Na gano cewa a Jidda babu wanda ido ba ya gani kamar baƙin direba a filin ajiye motoci na kanti. Ka kishingiɗa a kujera, ka rufe fuska da hula, kowa ya san matar gida kake jira tana ciki tana zaɓen kaya. Na yi ta jiran matar gidan da babu ita a ƙofar kantuna da yawa, kuma ba ta taɓa fitowa ta yi mini tsawa ba. A duk matan da na yi wa tuƙi ita ce mafi sauƙin hali.

Idan an rufe kanti sai in ja mota in raɓa ta cikin motocin kaya da ke kwana a wurin. Wanka a masallaci, ruwan sha a masallaci, guga wajen mai wanki, karin kumallo wake da gurasa mai zafi a tsaye. Sauro da gumin Jidda ne kawai suka ƙi a yi sulhu da su. In ka rufe gilashi ka jiƙe, in ka buɗe a yi maka waƙa a kunne har gari ya waye.

Dokata ɗaya ce: kada a san ni. Ba na kwana biyu a jere a fili ɗaya. Yau Aziziyya, gobe hanyar Madina, jibi wani kanti can wajen teku. Ba na gaishe da mai gadi, ba na haɗa ido da masu tattara kekunan kaya. Na tabbata ranar da wani ya riƙe fuskata, ranar za a kira mini 'yan sanda, daga nan kuma sai jirgi zuwa ƙasar da na baro ina ƙaramin yaro, a bar ki ke kaɗai a Karantina.

Wata Juma'a da na zo gaishe ki, maganar da kika ajiye ta nuna. Kika ɗauko mayafinki da wani kwano a ƙulle cikin ƙyalle, kika ce wa Hajiya Kaltume, ba ni ba, "Mai motar nan zai kai ni in ga ɗakinsa."

Haka kike kirana tun da na fara tuƙi. Kafin nan ni ne "wancan", ko "yaron gidan nan", ko kuma "kai" idan babu kowa a kusa. Ɗan fari ne ni, ke kuma 'yar Damagaram ce ta asali, kunyarki ba ta san an ƙetare teku ba. Sunana bai taɓa fita daga bakinki ba. Matan Larabawa suna ta kiran 'ya'yansu da sunaye masu zaƙi a tsakiyar kasuwa, ke kuwa ko an tambaye ki wane ne ni, sai ki kawar da kai ki ce, "Na gidanmu ne." Ina yaro abin ya riƙa ci mini rai. Da na girma na saba, har na daina lura.

Na ce miki ai ɗakin ga shi nan a bakin titi, a cikinsa za ki zauna. Kika ce ɗaki ba ya zama ɗaki sai a inda yake kwana. Dole na kai ki filin kantin Aziziyya, wanda ya fi sauran iska, bayan la'asar, mutane na ta shige da fice.

Na tsaya a jikin katanga. Kika fita daga kujerar gaba, kika zagayo ƙofar baya, kika yi sallama. Ina tsaye a gefenki, babu kowa a ciki, amma kika jira sai da na amsa. Sannan kika tuɓe takalmanki a kan kwalta, kika jera su, kika hau. Ni da na kwashe watanni ina koyon ɓacewa, ga takalman tsohuwa a ƙofar motata kowa na wucewa yana kallo.

Kika taɓa katifar, kika shinshina matashin, kika ce yana bukatar rana. Kika ga inda na rataye kayana, kika gyaɗa kai. Na fara jin daɗi, na ɗauka na ci jarrabawa. Sai kika leƙa ta taga dama da hagu kika ce, "Su wane ne maƙwabtan?"

Na yi dariya na ce babu, kuma rashinsu shi ne dabarar. Na yi miki bayani tiryan-tiryan, yadda nake sauya fili, yadda ba wanda ya san fuskata. Ina magana ina ganin fuskarki tana canzawa. Da na gama kika ce, a hankali, kina kallon takalmanki, "In mutum ya kwanta bai tashi ba fa, wa zai buga masa ƙofa?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, don a shekarun nan mutum ba ya tunanin zai kwanta bai tashi ba. Na ce Allah zai kiyaye. Kika ce Allah da ya ce a kiyaye haƙƙin maƙwabci ai ya san kowa zai samu maƙwabcin ne.

Kika sauko, kika sa takalmi, kika ɗauki kwanon, kika nufi ɗan akurkin mai gadi. Na biyo ki ina magiya ƙasa-ƙasa, ina cewa Inna ki rufa mini asiri. Ko waiwaye ba ki yi ba. Tafiyarki ta ranar, ta mai ciwon gwiwa, ta fi ƙarfin saurayi.

Mai gadin wani dattijo ne ɗan Yaman, siriri, mai jan lalle a gemu, wanda daga baya na san sunansa Ammu Ƙasim. Kika gaishe shi da Larabcinki na kasuwa, wanda bai wuce na ciniki da addu'a ba. Kika ajiye masa kwanon, masa ce da zuma a ciki. Sannan kika nuna ni da hannu, ba da haɓa ba yadda kika saba, kika ce, "Hada waladi. Huwa jarak. Amana." Wannan ɗana ne, maƙwabcinka ne, amana.

Inna, ban ji sauran abin da kuka ce ba. Tsoron 'yan sanda ma ya fita daga kaina na ɗan lokaci. Na girma har na yi gemu ban taɓa jin kin ce ni ɗanki ba ne, sai ranar, a bakin akurkin mai gadi, da harshen wasu. Na yi ta tunani daga baya ko kunyar ce ba ta jin Larabci, ko kuwa kin auna ne kika ga abin da kike nema ya fi kunyar nauyi. Ban tambaye ki ba, don na san da na tambaya sai ki ce in je in duba ko an kira magariba.

Ammu Ƙasim bai yi murna ba, kada in ƙara masa. Ya dube ki, ya dube ni, ya dubi kwanon, ya yi tsaki irin nasu. Ya ce tun makon farko ya gan ni, ya san ranakun da nake zuwa, har ya san ina minshari. Ya ce da can idan mai kanti ya tambaye shi zai iya cewa bai san ni ba, yanzu kuwa kin ɗaure shi, kin kira shi maƙwabci a gaban Allah. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Halas, ya Hajja, halas," wato shi ke nan.

A hanyar komawa Karantina ban yi miki magana ba. Fushi nake, kuma ina jin kunyar fushin. Ke kuwa kina ta kallon gari ta taga kina yaba fitilu. Da za ki sauka kika ce, "Kwanon nan na aurena ne. Ranar Juma'a a zo mini da shi."

Na yi kwanaki ban koma filin ba. Na ci gaba da yawona, ina cewa ai asiri ya tonu a can. Amma Juma'a na matsowa, kuma na san gara in fuskanci 'yan sanda da in zo miki babu kwanon. Na koma ranar Alhamis kamar ɓarawo. Ammu Ƙasim ya miƙo mini shi cike da dabino, don su ma ba su mayar da kwano wayam. Ya nuna mini wani lungu a bayan kanti, tsakanin katanga da wurin sauke kaya, inda ba a hangowa daga titi. Ya ce in shigo bayan an rufe, in fita kafin motocin kaya su iso, kada in zubar da ko ɓawon ayaba. Ya ce in mai kanti ya gano, shi da ni duka za mu nemi wani wurin.

Na kawo miki kwanon da dabino. Kika juye, kika wanke, kika zuba dambu, kika ƙulle, kika miƙo mini. A nan na gane ba a gama ba, kuma ba za a gama ba. Kwanon nan ya yi ta zirga-zirga tsakanin Karantina da Aziziyya, ni ne direbansa, kuma shi ya kafe ni a fili ɗaya. Ban taɓa ganin wanda aka ɗaure da dambu ba sai ni.

Sannu a hankali na saba da zama sananne. Tsoron bai tafi duka ba, duk motar sintiri da ta wuce sai in nutse cikin kujera. Amma barcina ya canza. Da asuba Ammu Ƙasim yakan zo ya ƙwanƙwasa gilashi da makullinsa ya ce, "Salla, ya jar," ya wuce abinsa ba ya jira. Mu tafi masallaci, shi a gaba ni a baya. Ba mu cika hira ba. Wani lokaci yakan ba ni labarin gonarsu a kan dutse, ni kuma in ba shi na Damagaram, wanda rabinsa daga bakinki na ji, rabin kuma ƙari ne.

Duk Juma'a, kafin ki tambayi lafiyata, sai kin ce, "Ya maƙwabcin?" Kuma na lura kin sa Hajiya Kaltume da Malam Idi, telan da ke ƙofar gidanku, sun haddace sunan kantin da na mai gadin. Kika yi ta maimaita musu har Malam Idi ya ce ko karatun allo bai sha irin wannan bita ba. Na ɗauka duk tsoron nan ne na kada in kwanta ban tashi ba. Na riƙa zolayarki ina cewa ga ni dai na tashi yau ma, ke kuma ki ce in rufe miki baki.

Ranar da abin ya faru a tsakiyar mako ce. Ammu Ƙasim ya ƙwanƙwasa gilashi kamar kullum, amma ban ji ya ce salla ba, ban kuma ji takunsa yana tafiya ba. Na ɗaga tawul na gan shi tsaye, Malam Idi a bayansa ya sunkuyar da kai. Tun kafin su buɗe baki na sani.

Zazzaɓi ne na kwana biyu, wanda kika hana a gaya mini don kada in bar nema. Hajiya Kaltume ta ce kin yi sallar isha'i a zaune, kika kwanta, shi ke nan. Lokacin babu wayar hannu, Inna. Da ina kan tsohuwar dabarata, da Malam Idi ya zagaye Jidda bai same ni ba, da kuma an fito daga masallaci na shige gari neman fasinja. Garin nan ba a ajiye gawa, kin sani. Da sai Juma'a in zo da kwano a hannu in tarar an share ɗaki.

Amma an same ni. Na zo na gan ki kafin a rufe fuskarki. Na ɗauki makararki, na shiga kabarinki na karɓe ki da hannuna, na juya ki gabas ɗin garin nan, wajen Makka. Wannan kaɗai ya ishe ni godiya har in mutu.

Bayan an rufe, kin san al'adar nan, ko da yake mata ba sa zuwa: dangin mamaci su jeru a bakin maƙabarta, jama'a su bi layi suna dafa kafaɗarsu suna yi musu ta'aziyya. Na je na tsaya. Baba ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwa duk suna gida, ni kaɗai ne layin. Dattawan Karantina suna ta kallon juna, kowa na jiran wani ya fara. Sai ga Ammu Ƙasim, da kayan gadinsa, idonsa ja don bai runtsa ba, ya zo ya tsaya a damana. Malam Idi ya gani ya zo hagu.

Mutane suka fara wucewa. Wani dattijo ya dafa ni, ya dafa Ammu Ƙasim, sai ya tsaya yana mamakin ganin ɗan Yaman a layin takari, mu baƙar fata 'yan Afirka. Ya tambaye shi mene ne haɗinsa da mamaciyar. Ya ce, "Ɗanta maƙwabcina ne. Ita ta ba ni shi."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun asuba.

Na ƙara wasu watanni a lungun bayan kanti kafin takardata ta fito in kama ɗaki. Bai fasa tada ni salla ba ko sau ɗaya. Da mutanen Yaman da yawa suka koma ƙasarsu, shi ma ya tafi, ni na kai shi tasha a motar. Ban sake jin labarinsa ba. Idan yana raye Allah ya ba shi lafiya, idan ya riga mu, wataƙila kun fi ni sanin inda yake.

Inna, ina kewarki. Ban iya faɗa miki haka kina raye ba, don ni ma ɗan Damagaram ne, kunyar ba ke kaɗai ta kama ba. Na yi fushi da ke a ranar da kika fi kowace rana nuna mini so, kika gani, kika yi shiru kika bar ni in huce. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan na san abin da shirun nan ya ci miki.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya shi. Allah ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Allah ya saka wa Hajiya Kaltume da Malam Idi da Ammu Ƙasim da alheri. Duk wanda zai kwana a mota yau a garin nan ko wani gari, Allah ya tsare shi, ya tashe shi lafiya, ya buɗa masa ƙofar ɗaki. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a same mu da wuri. Amin.

Wassalam.

Ɗanki,
Mamman
Aziziyya, Jidda